Gidan Takarda Mai Bututun Hayaƙi Bakwai

A rana ta biyu ta zaman makokin mijinta, dangi na zazzaune a ƙarƙashin rumfa suna ɓare gyaɗa suna shan shayi, Yeoh Gaik Suan ta miƙe ta tsaya a gaban akwatin gawar, ta kunna turaren tsinke, ta ce kowa ya zama shaida. Idan kwana arba'in da tara suka cika, ranar da za a ƙona wa mamacin gidansa na takarda don ya sami wurin zama a can, za ta haɗa masa da littattafansa. Ɗari da goma sha biyu ne, kuma ko ɗaya ba za ta rage ba.

Sai yayar mamacin, wadda yara da manya ke kira Tua Koh, babbar gwaggo, ta fashe da kuka ta riƙo hannunta.

"Kun ga mace," in ji ta. "Shekara arba'in da ɗaya tana share masa ƙurar littattafan nan, yanzu kuma ba ta so ya zauna can hannu rabbana. Teik Hin ƙanena, kana ji kuwa? Ka yi dacen mata, bakin faɗar hakan ne dai ba ka da shi."

Gaik Suan ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin yabo. Ita kaɗai ta san abin da ya sauka a ƙirjinta lokacin da maganar ta fita daga bakinta. Ba baƙin ciki ba ne. Wani sanyi ne, irin na wanda ya daɗe yana tafiya da tsakuwa a takalmi, yau aka ce masa ya zauna ya cire.

A unguwar Jelutong aka haife ta, nan cikin tsibirin Penang, ta uku a 'ya'ya bakwai na wani mai tuyar wainar shinkafa da kwakwa a bakin kasuwa. Ta yi makarantar mishan ta 'yan mata, kuma shekara uku a jere ita ke zuwa ta ɗaya a Turanci. Har yau takardar yabon tana ƙasan akwatinta, ta yi ja don tsufa. Tana da shekara goma sha biyar shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ubanta, sai ta rataye jaka ta tafi wurin ƙanwar uwarta koyon ɗinki. Ba ta yi kuka ba, amma ba ta sake bi ta layin makarantar ba. A hankali ta zama gwanar aikin zare a wuyan rigar kebaya, irin wadda matan masu hali ke jira wata uku kafin layi ya zo kansu.

Tana da ashirin da huɗu ta auri Cheah Teik Hin, akawu a wani kamfanin jiragen ruwa. Duk wanda ka tambaya zai ce maka mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa maka. Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abin dai shi ne muryar ma ba ta cika fitowa ba. Zai fita ƙarfe bakwai da farar riga, ya dawo biyar da rabi rigar tana nan fes kamar ba a jikin mutum ta wuni ba, ya ci abinci, ya ce "Na ƙoshi," ya hau bene.

A benen nan wani mutum dabam ne yake zaune. Tun yana ƙaramin akawu, Baturen da ke shugabancin ofishinsu ya tashi komawa gida, aka yi rabon kayansa. Wani ya ɗauki fanka, wani kujera, Teik Hin da bai iya turereniya ba ya tashi da wani akwatin katako da ba wanda ya so. Tsofaffin littattafan barkwanci ne na mutanen Ingila: limaman coci da ke faɗowa daga keke, tsofaffin sojoji da ke gaba da juna kan wanda kabewarsa ta fi girma, masu kuɗin da ba su san inda ake ajiye cokali a gidajensu ba. Ya karanta ɗaya don kada a ce ya raina kyauta, daga nan bai sake warkewa ba. Duk Asabar sai ya hau saman kasuwar Chowrasta wurin masu tsofaffin littattafai, ya durƙusa yana tono har gwiwar wandonsa ta yi baƙi.

Wata uku da aurensu, wata Lahadi da la'asar, Gaik Suan tana ƙasa tana yanka yadi ta ji dariya daga sama. Ta ajiye almakashi. Dariya ce ta gaske, mai tari da buga ƙafa, har katakon rufi yana amsawa. Ta ɗauka baƙo ya yi. Ta haɗa shayi ta hau, ta same shi shi kaɗai, yana share hawaye da bayan hannu. Ba ta taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ta ji ita ma murmushi yana kama ta.

"Me ke ba ka dariya haka? Faɗa mini mana."

Ya rufe littafin a kan yatsansa. Dariyar ta janye daga fuskarsa kamar yadda teku ke janyewa ya bar laka.

"Ba komai," ya ce. "Abin Turawa ne. Ba za ki gane ba."

Ba ta gaya masa zancen takardar da ke ƙasan akwati ba. Ta ajiye shayin ta sauko. Daga ranar ba ta sake tambaya ba, shi ma bai taɓa yi mata tayi ba. Duk Juma'a za ta hau da tsumma, ta ɗauki littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar daidai inda ta ɗauka. Tana iya karanta sunayen da ke bayansu sarai, sai ta koya wa idonta ya riƙa zamewa a kansu. Ta haifi 'yarsu guda, Phaik Hoon, ta yaye ta, ta aurar da ita a Kuala Lumpur, dariyar nan tana ta saukowa ta tsakanin katako kamar yoyon da aka gaji da toshewa.

Da aka fara nuna wasannin da aka yi daga littattafan a talabijin, ya sayi ƙarama ya kai sama. Daga baya Phaik Hoon ta riƙa aiko masa da faifai. Yanzu har muryoyin Turawan tana ji, ƙasa-ƙasa, sannan tasa ta biyo baya.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, yana da shekara saba'in. Kwana biyu kafin ya cika, a gadon asibiti, ya kira ta.

"Suan."

"Na'am."

"Gidan da za ku ƙona mini. Kada a yi irin na kowa, mai jan rufi da dodanni a kan soro. Akwai faifai shida a wani koren kwali a sama. Gidan da ke ciki nake so."

Ta jira. Ta ba shi lokaci mai tsawo, har ma'aikaciyar jinya ta shigo ta fita.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ki yi haƙuri da ɗawainiya."

Bai ambaci littattafai ba. Wannan ƙarin nata ne.

Bayan jana'iza ta ɗauki koren kwalin ta tafi layin Carnarvon wurin Ah Boon, mai haɗa kayan takarda na mamata. Tsoho ne siriri, yatsunsa duk busasshen ƙullu, yana zaune a tsakiyar tsinkayen gora da bayin takarda da ba a sa wa kawuna ba tukuna.

"Uwargida, shekara hamsin ina wannan sana'a," ya ce. "Na yi mota da direbanta, na yi wayar hannu da cajarta, na yi haƙoran roba. Akwai wanda 'ya'yansa suka sa na yi masa dawakin sukuwa uku, don ya ci gaba da asara a can. Amma gidan Turawan Ingila? Kawo hoto."

Ta miƙa masa kwalin. Ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga tabarau.

"Yo waɗannan ai kawuna ne. In na yi masa wannan mai gashin bakin, a cikinsa zai kwana?"

"Gidan yana cikin faifan, Kawu."

"To ki kalla ki zana mini. Ba ke ce tela ba? Gida ma ai riga ne, gaba da baya da hannuwa. Ki ƙirga mini tagogi, ki auna rufi da ido."

"Ina cikin takaba. Ka san ba a kallo."

"Kallon jin daɗi aka hana. Wannan aiki ne. Ki ɗaure fuska ki kalla. Da ganinki ba zai ba ki wuya ba."

Ta sa aka sauko mata da talabijin ɗin falo, Phaik Hoon ta koya mata ta waya wurin da ake dannawa hoto ya tsaya. Ta shimfiɗa takardar yankan riga a ƙasa, ta ɗauki allin tela. Ranar farko ba ta kunna murya ba ko kaɗan. Gida ne na jan bulo, ciyawa ta hau bangonsa, bututun hayaƙi bakwai a kan rufi, kowanne da nasa tsawo. Amma wasan yana da rowar gidan. Gabansa kawai ake nunawa a farko. Gefe ba a ganinsa sai wani ya faɗo ta taga, ɓangaren baya kuwa sai a faifai na huɗu, lokacin da akuya ta kori wata tsohuwa. Kuma Ah Boon ya ce sai ya san wane ɗaki ne na mene ne, kada ya sa wa mamaci gado a kicin. Dole ta buɗe murya.

Turancin ya dawo mata kamar ƙafar da ta sage jini ya fara komawa cikinta, da tsikari da ɗan zafi. Suna magana da sauri, suna haɗiye rabin kalma. Amma kafin kwana uku ta fara jin su. Ta gane cewa mutanen nan ba sa faɗin abin da ke ransu ko za su mutu. Idan mutum ya tsani maƙwabcinsa sai ya yaba masa furanni. Ta yi tsaki, ta ci gaba da ƙirga tagogi.

Mai gidan wani tsohon alƙali ne da ya yi ritaya. A makon farko na aurensa matarsa ta dafa masa kifi a cikin madara, ya ce don ladabi bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Shekara talatin ke nan tana dafa masa duk Juma'a. Shi kuwa idan ta juya baya sai ya juye a cikin hularsa ya kai wa kyanwa a lambu, kyanwar ma ta shinshina ta wuce. Ran nan babban limamin coci ya zo ziyara, ya tashi tafiya cikin ɗaurewar fuska bayan ya gama yi musu nasiha kan gaskiya, ya miƙa hannu ya ɗauki hular da ba tasa ba. Ya kifa ta a kai. Madara ta gangaro ta bayan kunnensa. Ba wanda ya ce uffan. Alƙalin ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa.

Abin ya fito daga cikin Gaik Suan kafin ta tare shi. Ta kifa kai a kan takarda, allin ya karye a hannunta, tana tari tana buga ƙafa a ƙasa. Sai da ta ji sautin ya dawo mata daga bango ta gane dariyar wa ta yi.

Ranar kwana ashirin da ɗaya ce da mutuwarsa. Tua Koh na tsaye a bakin ƙofa da kwanukan abincin da za a ajiye masa.

"Gaik Suan."

"Tua Koh, aikin gidan nake yi. Ah Boon ne ya ce..."

"Ah Boon ne ya ce ki buɗe baki har maƙwabta su ji? Ƙasar kabarin ƙanena ko bushewa ba ta yi ba. Ni da na tsaya gaban mutane ina yabonki! Kashe wannan abin."

Ta kashe. Suka jera shinkafa da kaza da shayi a gaban hotonsa, suka kunna turare. Da turaren ya ci rabi, Tua Koh ta ɗauki wasu kwabbai biyu da ke ajiye a gefen hoton don ta tambaye shi ko ya gama ci, kamar yadda ake tambayar kowane mamaci. A cilla su ƙasa. Ɗaya fuska ɗaya baya, ya ce i. Duka biyu baya, ya ce a'a, ransa a ɓace. Duka biyu fuska, dariya yake yi, sai a sake tambaya. Suka faɗi ɗaya fuska ɗaya baya.

"Kin gani," in ji Tua Koh tana kwashe kwanuka. "Ya ci ya tashi da wuri. Kunya ce ta kore shi."

Bayan ta tafi Gaik Suan ta naɗe takardar zanen. Ba faɗan ne ya dame ta ba. Miyar agwagwa ce. A ranar da Teik Hin ya fara zuwa gidansu, uwarta ta dafa miyar agwagwa da gishirtaccen ganye, ya ce ta yi daɗi. Tun daga makon farko na aurensu take dafa masa ita duk Lahadi. Yakan shanye da sauri, da shinkafa mai yawa. Ta yi ta lalube a cikin shekara arba'in da ɗaya ko akwai ranar da ya nemi ƙari. Ba ta samu ba.

Ba Juma'a ba ce, amma ta hau bene, babu tsumma a hannunta. Wannan karon ta bar idonta ya tsaya a kan sunayen. Ta sami wanda sunansa ya zo daidai da na koren kwalin, bangonsa shuɗi, an ɗinke bayansa da zaren da ta gane nata ne. Ta buɗe.

Bai rubuta ko kalma ɗaya a ciki ba. Da ma ba ta sa rai ba. Amma akawu akawu ne. Duk inda ya yi dariya ya sa ɗan ƙaramin maki da fensir a gefen layi, irin na wanda ya duba kaya ya ga sun cika. A shafin hular limami maki uku ne, takardar ta yi laushi don taɓawa.

Ta zauna a kujerarsa ta karanta, da yatsa a ƙarƙashin layi kamar 'yar aji uku. Littafin ya san abin da talabijin bai sani ba. Ya shiga cikin kan alƙalin, ya nuna cewa ba tsoron matarsa yake yi ba. Tsoronsa shi ne idan ya faɗi gaskiyar kifin, za ta ɗauka duk sauran ma ƙarya ne. Gaik Suan ta ɗaga kai ta dubi taga na ɗan lokaci. Sannan ta juya shafi, ta tarar da abin da ba ta shirya masa ba. Matar alƙalin ta sani. Tun shekarar farko ta ga madara a cikin hula. Ta ci gaba da dafawa ne don ta ga iya inda zai kai, kuma duk Juma'a, lokacin da take ɗora tukunya, tana jin wani ɗan daɗi da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A gefen wannan layin babu maki.

Gaik Suan ta san wannan daɗin. Shi take ji duk Juma'a idan ta mayar da littafi na ƙarshe ba tare da ta buɗe ba. Magana ɗaya ya faɗa, cewa ba za ta gane ba, yana matashi mai kunya da aka kama baki buɗe, ita kuma ta ɗauke ta ta goge ta kowane mako har ta yi sheƙi. Da ta so, da tuni ta ɗauki ɗaya ta karanta ta same shi da maganar a kan abinci. Ba ta so ba. Ta fi son ta kasance wadda aka yi wa laifi. Kuma alkawarin da ta yi a gaban akwatin gawa, wanda Tua Koh ta yi wa kuka, ba aiken alheri ba ne. So take ta tsaya ta ga wuta ta ci su.

Yanzu kuma ga shi tana so ta san abin da ya faru da limamin.

Saura kwana ashirin da takwas. Ta kai wa Ah Boon zanen, ya duba ya ce da ita ce ta gina Ingila da ba ta yi yoyo ba. Da safe ta yi shara, da rana ta hau bene da tsohon ƙamus. A kwana ashirin da takwas littafi ɗaya ta gama, na biyu ta kai rabi. Ta tsaya gaban kantar littattafan ta yi lissafin abin da za ta rasa, ta ga bai lissaftuwa. Ta yi tunanin ɓoye goma a ƙarƙashin gado. Amma ta faɗi adadi a gaban gawa, da turare a hannu, kuma alkawarin da aka yi wa mamaci mai rai ba ya warware shi. Mai shi kaɗai ke iya yafewa.

Ranar arba'in da tara, da la'asar, aka taru a filin da ke gefen haikali. Gidan ya fi mutum tsawo. Jan bulo na fenti, koren ganye na takarda yana hawa bango, bututun hayaƙi bakwai, kowanne da nasa tsawo. Ah Boon ya ƙara akuya a lambu ba tare da an sa shi ba. Masu addu'a suka gama karatunsu. Mijin Phaik Hoon ya jera kwalaye huɗu na littattafai a gindin gidan.

"Ku dakata," in ji Gaik Suan. "Zan tambaye shi wani abu."

"Tambayar me kuma?" in ji Tua Koh. "Lokacin da aka zaɓa yana wucewa."

Ta ciro kwabban daga aljihun baƙar rigarta, ta durƙusa gaban hotonsa. Ba ta yi raɗa ba.

"Teik Hin, ni ce. Na ce zan aiko maka da littattafanka yau. Ba don kai na faɗa ba, kai ma ka sani. Yanzu ina so in karanta su. Ka bar mini?"

"Ma!" in ji Phaik Hoon a hankali.

Ta cilla. Suka yi ƙara a kan siminti, suka kwanta. Fuska da fuska.

"Dariya yake," wani ya faɗa daga baya.

"Dariya ba i ba ce," in ji Tua Koh. "Tashi a kunna wuta."

"Ba a'a ba ce kuma, Yaya," in ji Ah Boon. "A sake."

Ta sake. Ɗaya ya mirgina har gindin akuyar takarda kafin ya faɗi. Fuska da fuska. Ta tattara su ta cilla na uku, wanda daga shi ba a ƙarawa. Fuska da fuska.

Gaik Suan ta dubi hoton, farar riga, baki a rufe gam. Ko yanzu ma bai ba ta amsa ba. Ya haye benensa yana dariya, ya bar ta a ƙasa da almakashi a hannu. Ta ji tsohon haushin ya taso, ta ji dariya kuma tana tasowa a bayansa, har sai da ta ciji leɓe.

Ta miƙe, ta buɗe kwali na farko, ta ciro mai shuɗin bango. Ta sunkuya ta zura hannu ta tagar ɗakin karatun da ta ƙirga da kanta, ta ajiye shi a kan ɗan teburin takarda.

"Wannan na gama shi," ta ce da hoton. "Sauran za su same ka duka, ban fasa ba. Amma ɗaya bayan ɗaya, in na gama. Ka jira. Ni ma na jira." Ta juya wurin surukinta. "Mayar da kwalayen nan mota."

"Wannan wasa da matattu ne," in ji Tua Koh. "Idan wani abu ya sami gidan nan, babu ruwana."

"Na ji, Tua Koh. A kaina."

Aka kunna wuta. Gidan da aka yi kwana ashirin ana ginawa bai ɗauki minti biyar ba. Bututun hayaƙin suka faɗi ɗaya-ɗaya, mafi tsawon ne ya yi ƙarshe.

Shekara tara ke nan. Tua Koh ta yi shekara biyu ba ta taka gidan ba, sannan ta dawo wata rana da ayaba kamar ba abin da ya faru. Gaik Suan ta daina ɗinki, idon ba ya ganin ramin allura, amma yana ganin rubutu da gilashin ƙara girma. Masu tsofaffin littattafai na saman Chowrasta sun san ta yanzu, domin ta gano akwai waɗanda Teik Hin bai samu ba, kuma waɗannan ba sa cikin alkawari. Faya-fayan nan ta kalle su har wasu sun fara tsalle. Tana da ra'ayi mai zafi a kansu. Ta ce wanda ya fito a alƙali ya cika motsa gira, a littafin mutumin bai san abin dariya ba ne shi, kuma nan ne duk daɗin yake.

Tana karatu da jan fensir a hannu. Duk inda ta yi dariya sai ta sa ɗan ɗigo a gefe. Sau da yawa ɗigonta yana faɗawa daidai kan makinsa. Wani lokaci kuma shafi biyar za su wuce, nasa a sama, nata a ƙasa, ba su haɗu ba. A irin wuraren nan takan daɗe ba ta juya shafi ba.

Duk shekara, lokacin sharar kaburbura, tana hawa tudun maƙabarta da waɗanda ta gama, ta ƙona masa su da ɗige-ɗigensu, ya gani. Shekarar farko goma sha huɗu ta kai. Bara huɗu. Saura talatin da ɗaya a kan kanta, kuma Tua Koh ta ce da gangan take jan ƙafa. Ba ta musa ba.

Ranar tunawa da mutuwarsa kuwa, miyar agwagwa da gishirtaccen ganye take ajiye masa a gaban hoto, da shinkafa mai yawa. Idan turare ya ci rabi ta ɗauki kwabban ta tambaye shi ko ya gama ci. Ɗaya tambayar, ta ko da gaske yana son miyar, tana nan a bakinta, kwabban kuma suna hannunta. Ba ta taɓa yin ta ba.